Wayar da Ka Ce Kada In Jona

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ranka a gadon asibiti, bayan shekara biyu kana fama da ciwon ƙoda. Ina zaune a teburina a ofis 'yarka ta kira ni. Ta ce, “Gwaggo, Baba ya rasu.” Na ce mata to, na gode, kamar wadda aka kawo wa saƙon aiki. Na ajiye wayar, na ci gaba da buga layin da nake bugawa har na kai ƙarshensa.

Yau kwana goma sha huɗu ke nan, Yaya. Mutane da yawa sun yi maka ta'aziyya, kowa ya faɗi alherinka, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni tawa ta makara, kuma ba za ta yi daɗin karatu ba. Amana ɗaya tak ka bar mini kafin ka tafi, na ɓata ta da hannuna, sannan na dubi idon mai ɗakinka na yi mata ƙarya a kai. Har yanzu da nake wannan rubutu ba ta sani ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara faɗin ko wane ne kai, don waɗanda ba su san ka ba su gane girman abin da na ɓata.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, aiki ne ya haɗa mu, amma tun shekarar farko kake ce mini ƙanwata, 'ya'yanka suka tashi suna kirana Gwaggo. Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya, a wani ƙaramin kamfani da ke hawa na uku, sama da shagon sayar da tayoyi, inda muke ƙera wasan kwamfuta na harba roka zuwa sararin samaniya. Mai wasa yakan ɗauki tanki da inji da fukafukai, ya harhaɗa su a kan allo yadda ya ga dama, ya harba, ya ga ko lissafinsa ya yi daidai. Da farko kowace roka sai da matuƙi a cikinta, wani ɗan mutum na zane mai ƙaton kai da murmushin da ba ya gushewa. Masu wasa kuwa ba su san tausayi ba. A rana ɗaya sai su tarwatsa matuƙa dubu suna dariya. Mu ma dariyar muke yi, kai kaɗai ne ba ka yi. Ka ce ba ka so yara su saba yin gwaji da rai, ko da ran zane ne. Muka ce ai kuwa Yaya ya fara wa'azi.

Ba ka yi musu da kowa ba. Wata huɗu ka yi kana cin abincin rana a gaban allo, sai ga ka da wani ɗan akwati mai kusurwa takwas, wanda a ido bai fi gwangwanin madara ba. Ana ɗora shi a kan roka ya tuƙa ta ba tare da kowa a ciki ba. A takardun kamfani yana da wani dogon suna mai lambobi da ba wanda ya taɓa riƙewa. Kai ka sa masa Ɗan Aike, sunan kuma ya bi shi. Abin da ya bambanta shi da sauran kayan wasan shi ne ana iya ba shi saƙo tun kafin ya tashi daga ƙasa: idan ka kai wuri kaza ka juya, ka kunna inji na minti kaza. Zai riƙe saƙon nan ko da ya yi nisan da babu sauran sadarwa tsakaninsa da gida, ya kuma aikata shi a kan lokaci.

Makona na farko a ofis na goge aikin mutum uku da danna maɓalli guda. Na shiga banɗaki na kulle ina kuka, ina shirya yadda zan faɗa wa mahaifiyata an kore ni. Da na fito na tarar ka jawo kujerarka kusa da tawa. Ba ka taɓa madannan kwamfutata ba, ko sau ɗaya. Ka zauna har yamma kana tambayata, sai kuma me, sai kuma me, har na dawo da komai da kaina. Tun ranar ka raɗa mini Gaggawa, ka ce hannuna yana riga kaina isa wuri. Da na haihu na dawo aiki, na tarar ka kwashe kayanka daga gefen taga ka bar mini wurin, ka koma ƙarƙashin bene inda rufin yake yoyo, wai hasken yana damun idonka. Ƙarya kake yi, Yaya, kowa ya sani. Maigadinmu ma yana da nasa labarin, na yadda kake cika masa takardun asibitin matarsa a tsaye a bakin ƙofa, amma wannan shi ya kamata ya faɗa.

Kai kaɗai ne a cikinmu kake karanta wasiƙun masu wasa har ƙarshe. Akwai guda da ka buga a takarda ka manna a bangon teburinka, daga wani tsohon direban babbar mota da hannuwansa suke rawa. Ya ce duk wasan da jikokinsa suka nuna masa ya gagare shi, domin yatsunsa ba sa bin umarninsa. Amma da Ɗan Aike yakan zauna a nutse ya tsara tafiyar gaba ɗaya, ko da zai ɗauke shi yini, sannan ya naɗe hannu ya kalli rokarsa ta isa. Ka karanta mana wasiƙar nan ya fi sau goma, har muna haɗa baki da kai a jimlar ƙarshe don tsokana.

A wasan akwai maɓallin tsallake lokaci, wanda yake mayar da tafiyar shekara ta zama ta minti ɗaya. Kowa da shi yake amfani, don wa zai zauna jira? Kai ne. Shekara bakwai da wata huɗu da suka wuce, ka ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka yi niyyar zubarwa, ka ajiye ta a kusurwa kusa da tulun kashe gobara, ka haɗa mata baturan mota biyu saboda ɗaukewar wuta. Ka ƙera ɗan ƙaramin kumbo, ka ɗora masa Ɗan Aike, ka nufe shi da duniya ta tara, wadda ta fi kowace nisa a wasan. Ka ba shi saƙo ɗaya: idan ya isa, ya juya baya ya kunna inji na minti shida don ya rage gudu, duniyar ta riƙe shi ya shiga zagaya ta. Idan bai yi haka ba zai wuce, kuma babu dawowa. Ka rantse ba za ka taɓa maɓallin tsallake lokaci ba. Kana so ka ga ko abin da ka ƙera zai riƙe magana shekara bakwai na gaske. Daga nan aka fara kiranka Malam Sannu-Sannu.

Kowace Litinin da safe babbar na'urar ofis takan tura sabon zubin wasan zuwa duk kwamfutar da ke jone da ita. Saboda haka ka zare wayar da ke haɗa tsohuwar da sauran, ka naɗe ta ka rataye a ƙusa, ka manna takarda a jiki da rubutunka mai kwanciya gefe: Don Allah kada a kashe, kada a jona. Kullum da safe kafin ka zauna sai ka leƙa allon ka ce, “Ɗan Aike, an tashi lafiya?” Ba abin da ake gani sai baƙi da lambobi suna sauyawa. Da farko muna yi maka dariya. Daga baya ni kaina nakan tsinci kaina ina leƙawa.

Bara aka kawo mana sabon Manaja, mai yawan fara'a da allunan bayani masu launi. A taronsa na uku ya ce ya gano matsalar wasanmu, wai Ɗan Aike ya cika amana. Mutum yakan ba shi saƙo ya tashi ya tafi harkarsa, mu kuwa ba ma so mai wasa ya ɗaga daga gaban allo. Don haka a gyara shi, da zarar sadarwa ta yanke ya manta duk abin da aka gaya masa. Ka miƙe tsaye, a lokacin ƙafafunka sun fara kumbura, ka cire wasiƙar direban daga aljihu za ka karanta. Ya ɗaga hannu ya ce, “Baba, mutum ɗaya ne wannan.” Ka ce, “Wanda ya iya rubutowa ke nan.” Ba wanda ya goyi bayanka. Mu goma sha biyu ne a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa, har da ni. Da aka tashi ya ba ni aikin, don an san ni da sauri. Kwana biyu na yi na gama. Abin da ka yi wata huɗu kana ginawa, layi goma sha tara na rubuta na cire masa zuciya. Washegari ka gaishe ni kamar kullum, ka tambayi jikin yarinyata. Wallahi da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Kai kuwa aka mayar da kai sashen amsa ƙorafi, wai don a rage maka wahala. Sau biyu a mako kake zuwa wankin ƙoda, ka dawo ka hau benen nan hawa uku kana hutawa a kowane hawa, ka zauna kana ba mutane haƙuri a kan ɓarnar da ba kai ka yi ba. Tir da wannan sauƙi! Direban ya sake rubutowa sau ɗaya, layi biyu, bai ƙara ba. Waccan ba ka karanta mana ita ba.

Ranar Juma'a ta ƙarshe da na je duba ka, jikinka duk robobi, ka ce, “Ƙanwata, saura kwana goma sha biyar Ɗan Aike ya isa.” Na ce ai tare za mu kalla. Ka ce, “Bar wannan. Aiki zan ba ki, kuma na san ya fi ƙarfinki. Kada ki yi komai. Tsohuwar kwamfutar nan, kada ki gyara ta, kada ki taimake ta. Ki share mata ƙura, shi ke nan. Wayar nan kuwa ko kusa.” Ka ce in kawo Anti, mai ɗakinka, ta gani da idonta, tunda shekara bakwai tana jin labarin abin da ba ta taɓa gani ba. Na yi dariya na ce ashe ma aikin banza za ka ba ni. Na yi maka alkawari. Bayan kwana huɗu ka rasu.

Kamfani ya fitar da sanarwar ta'aziyya mai layi huɗu, aka kira ka jami'in amsa ƙorafi. Ba a ambaci Ɗan Aike ba. Ba mu gama dawowa daga maƙabarta ba Manaja ya turo mini saƙo yana tambaya ko na san kalmar sirrin kwamfutarka. Kwana uku da rasuwarka aka kwashe teburinka, aka ce kusurwar nan ma za a gyara ta a sa kujerun hutawa. Da ƙyar na roƙa aka ɗaga har bayan ranar isowa. Amma tsoro ya riga ya shige ni. Tsohuwar kwamfutar ta fara wani ƙara kamar ana taunar tsakuwa, ga ma'aikata suna ja da kujeru suna bangazar baturan. Mu kuwa a sana'armu abu na farko da ake cusa wa mutum shi ne duk abin da kake ƙauna ka yi masa kwafi. Ramukan da ake soka filas, ɗan abin kwafar bayanai, duk an toshe su bisa dokar kamfani. Hanya ɗaya ta rage, in jona ta da babbar na'urar ofis in yi kwafin a can. Na ce wa kaina yau Juma'a ce, ba Litinin ba, minti biyu kawai. Na ciro wayar daga ƙusa na jona.

Na manta, ko in ce ban tsaya na tuna ba, cewa kwamfutar da ta rasa Litinin kusan ɗari huɗu ba ta jiran wata Litinin. Allon ya ƙifta sau ɗaya ya dawo. Na ga ƙiftawar nan, Yaya, da idona na gan ta. Na zare wayar da sauri na mayar a ƙusa, na naɗe ta daidai yadda kake naɗewa. Kwana takwas nake da su. Littafinka mai shuɗin bango yana cikin jakata tun ranar da aka kwashe teburinka, da duk lissafin da ka yi da fensir. Da na buɗe na duba, da na ga sabon zubin ya shiga ya goge saƙonka, kuma da yini ɗaya ya ishe ni in mayar da tsohon in sake shigar da lambobinka. Ban duba ba, don ina tsoron abin da zan gani. Kullum nakan share ƙura, in ce wa kaina ai cewa ka yi kada in yi komai. A inda ka ce in tsaya na yi gaggawa, a inda ya kamata in yi gaggawa kuma na fake da maganarka.

Ranar Asabar, ashirin da biyar ga wata, 'yarka ta kawo Anti. Ta hau benen a hankali, tana cewa ashe haka kake hawa kullum da wannan jikin. Mu shida ne a kusurwar: su biyu, da ni, da Maigadi, da abokin aikinmu mai zane wanda ya zana duniyar da hannunsa, sai Manaja, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya zo da kyamara don a nuna wa duniya yadda kamfani yake girmama ma'aikatansa. Duniya ta tara ta fito a allon, koriya-koriya, tana girma. Ƙarfe huɗu da minti goma ya kamata kumbon ya juya. Ƙarfe huɗu da minti goma ta yi. Bai juya ba. Da sha ɗaya, da sha biyu. A can ƙasan allon wasu ƙananan haruffa ja suka fito, babu sadarwa, babu umarni. Ni na rubuta kalmomin nan bara. Mai zane ya dube ni, ya mayar da idonsa ƙasa.

A daidai lokacin duniyar ta cika allon gaba ɗaya, kyakkyawa, har ana ganin gajimarenta. Anti ta gyara tabarau ta matso. Ta ce, “To, ya isa ke nan?”

Na ce, “Ya isa, Anti.”

Manaja ya gane sarai abin da ya faru, amma shi ya fara tafi. Na kai hannu na kashe allon kafin duniyar ta fara ƙanƙancewa, na ce ya yi zafi. Anti ta kama hannuwana biyu ta ce, “Ranar da aka kai shi asibiti na ƙarshe, ba maganar magani yake yi ba, maganar yaron nan yake yi. Yanzu hankalina ya kwanta. Allah Ya yi miki albarka, kin riƙe masa amana.” Na amsa da amin. Ban san yadda bakina ya iya ba.

Da suka tafi Manaja ya dafa tebur ya ce, “Wa ya ga bambanci? Ranar Litinin ki taɓa lambobin ki sa shi a zagaye, mu saki bidiyon. Minti biyar ne.” Gaskiyarsa, minti biyar ne. Na ƙi. Kada kowa ya yaba mini, ba kirki ba ne, hannuna ne ya kasa. Ban ajiye aikin ba, ba ni da wannan jarumtar, jiya ma na gaishe shi da safe. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina, ina jin haushin mutum goma sha ɗaya da suka sunkuyar da kai a taron nan, waɗanda yanzu suke rubuta cewa kai uba ne a gare su. Amma ba ɗayansu da ya ciro wayar daga ƙusa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba za a taɓa sanin amsar tambayarka ba. Ɗan Aikenka ya riƙe maganarka shekara bakwai da wata huɗu, saura kwana takwas na shiga tsakaninku.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Mun shaida bai cuci kowa ba, kuma an cuce shi ya yi shiru. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata makwancinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha, da benen da ya yi ta hawa, su zama kankarar zunubi a gare shi. Ka saka masa da haƙurin da ya yi da mu, wanda ba mu cancanta ba. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata ƙarshenmu idan tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa huɗu, da 'yan'uwansa, da Maigadi, da tsohon direban nan idan yana raye kuma wannan rubutu ya kai gare shi. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari.

Ke kuma Anti, na roƙi 'yarki ta karanta miki wannan tun kafin wani ya riga ni. Bai isa ba, Anti. Ya wuce, kuma ni ce sanadi. Albarkar da kika sa mini ranar Asabar ba tawa ba ce, ban san yadda ake mayar da ita ba. Gobe da safe zan zo gida in faɗa miki da bakina. Zan tsaya a ƙofa in yi sallama sau ɗaya. Idan kin ga dama ki amsa.